Neman suna: jif mai shan fetur da wuta, da jif mai wuta zalla

Jama'a, a taimaka da suna. Motocin nan sun fara shigowa, dillalai kuma duk "haibirid" suke ce musu, ko kuma a yi musu kuɗin goro a ce "motar lantarki". Wanda zai zuba miliyoyi a jif don shiga ƙauye ko gona, idan sunan bai raba masa su ba, zai iya sayen wadda ba ita yake nufi ba.

Motocin iri uku ne, ba biyu ba. Akwai mai injin fetur da ƙaramin batir, wadda ba a jona ta da wuta ko kaɗan. Injin da birki ne ke yi wa batirin caji tana tafe. Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997 ita ce uwarsu. Akwai mai injin fetur da batir babba wanda ake jonawa a bango, irin Mitsubishi Outlander PHEV ta 2013 ko Jeep Wrangler 4xe ta 2021. Sai wadda ba ta da tanki, ba ta da salansa, irin Rivian R1S ta Amurka ko Mercedes G 580 ta 2024.

Ta ukun ba ta da wahala. "Lantarki zalla" ya wadatar, kuma kalmar "zalla" ce ke aikin, domin dukansu ukun suna da lantarki a jikinsu.

Rigimar tana kan haibirid. Na ji masu cewa "barbarar yanyawa". Ma'anar ta yi kusa, amma zagi ne, ba dillalin da zai kira hajarsa haka. "Haɗin gambiza" ma haka, yana nuna abubuwan ba su dace da juna ba, alhali injin da batirin suna karɓa-karɓa ne lafiya lau. Masu lambu za su ce "mai aure", kamar yadda ake faɗa wa mangwaron da aka haɗa iri biyu. Wannan ya burge ni, sai dai a gwada cewa "na sayi jif mai aure" a majalisa a ga dariyar da za a yi. Ni dai na tsaya a kan "ruwa-biyu". Kowa ya san ta, gajera ce, kuma ba ta buƙatar bayani.

To yaya za a raba ruwa-biyun da ake jonawa da wadda ba a jonawa? "Mai caji" ba zai yi ba, tunda ta farkon ma tana caji, da kanta take yi. Abin da ya bambanta su abu ne da ido ke gani: a zagaya motar a ƙirga murfi. Ruwa-biyu ta gama-gari murfi ɗaya gare ta, na fetur. Wadda ake jonawa tana da biyu, na fetur da na waya. Saboda haka nake ba da shawarar "ruwa-biyu mai soket". Mai saye zai iya cewa dillali ya nuna masa soket ɗin, magana ta ƙare.

Akwai kuma "mai baki biyu". Gaskiya ya fi nawa daɗin faɗa, kuma ya kwatanta motar daidai, tunda ta baki biyu take sha. Abin da ya sa na ja baya shi ne an riga an ba bindiga wannan suna, ga kuma baki biyu na mutumin da ba ya tsayawa kan magana ɗaya. Amma ba zan yi mamaki ba idan shi ne ya kama a tasha. Sunayen motocinmu ba malaman jami'a ne suka raɗa su ba. A-kori-kura, kanta, homa, duk daga bakin direbobi da fasinja suka fito. Ita kanta "jif" sunan kamfanin Jeep ne muka yafa wa kowace doguwar mota, 'yan uwanmu na Nijar kuma suka ɗauko "kat-kat" daga Faransanci.

Kat-kat ɗin ma ya fi jif faɗin gaskiya, don yana nufin ƙafa huɗun duka suna ja. Jif da yawa a Abuja ƙafa biyu ne kawai ke ja, ba su taɓa sauka daga kwalta ba. Ga wadda aka ƙera don yashi da taɓo da duwatsu, "keta-daji" nake gani. Sai a ce keta-daji lantarki zalla, ko keta-daji ruwa-biyu mai soket. Ya ɗan yi tsawo, na sani, baki zai rage shi.

Bambancin nan a daji ba ƙarami ba ne. Lantarki zalla tana ba da ƙarfinta gaba ɗaya tun daga tashi, abin da ake so wajen hawan dutse a hankali. G 580 tana da injin lantarki huɗu, kowace ƙafa da nata, har tana iya juyawa a inda take tsaye, kuma tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 85 saboda ba injin fetur da zai shaƙi ruwa. Amma nauyinta ya haura tan 3, yashi kuma ba ya son nauyi, yana kuma cinye caji da sauri. Mai bin hanyar Agadez zuwa Dirkou zai ɗaure jarkokin mai a baya. Wuta ba ta shiga jarka.

Ita kuwa Wrangler 4xe, batirinta kaɗai yana kai ta kusan kilomita 34 ne, daga nan fetur ya karɓa. Wannan ya isa zirga-zirgar gari, tankin kuma na nan don tafiya mai nisa. Sharaɗin shi ne a riƙa jona ta. Wanda ya saye ta ba shi da sola ko tsayayyiyar wuta a gida, motar fetur ya saya, da ƙarin nauyin batir da kayan gyara iri biyu. Shi ya sa nake son kalmar "soket" ta zauna a cikin sunan, mai saye ya tambayi kansa ina zai jona.

Saura guda ɗaya da ban gama da ita ba. Akwai irin Yangwang U8 ta kamfanin BYD na Sin: lantarki ne ke juya ƙafafun, injin fetur ɗin aikinsa kawai ya yi wa batir caji. Murfi biyu gare ta ita ma, don haka ƙirgen murfi ba zai raba ta da mai soket ba. Ni "mai janareta" ya zo mini. Kanikawan Ƙofar Ruwa a Kano da na Panteka a Kaduna, ku da za ku buɗe cikinta, me za ku kira ta?