Likita ya ce in riƙa fita cikin itatuwa: wa ya taɓa gwadawa?

Mai tambaya, daga Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan ina shan maganin ciwon damuwa. A zuwana na ƙarshe likita ya ce in riƙa zuwa inda akwai itatuwa ko ruwa, aƙalla awa biyu a mako. Ya ce wani bincike a Ingila a 2019, kan mutum kusan 20,000, ya nuna masu samun minti 120 a mako a irin wuraren sun fi jin lafiya da natsuwa. Ni kuwa tashi daga katifa ma aiki ne.

Wani dattijo, daga Kura:
Wa alaikumus salam ɗana. Bayan rasuwar uwargidana barci ya ƙaurace min. Maƙwabcina ya riƙa biyo min bayan Asuba, wai in taya shi ban ruwa a lambunsa. Makon farko zama kawai nake a gindin mangwaro, ko magana ba na yi. Ranar da na tsuguna dashen albasa, laka har wuyan hannu, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na dukan hancina, a daren na yi barcin da na yi wata biyar ban yi ba. Kada ka jira sai ka ji sha'awar fita, ba za ta zo ba. Samu wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Wata uwa, daga Katsina:
Baba ya yi gaskiya, sai dai mu mata fitar ba ta da sauƙi. Bayan haihuwata ta biyu kuka nake ba dalili. Nas ɗin da ke duba ni ta ce in kawo lambun cikin gida. Fasassun bokitai uku na cika da ƙasa, na shuka na'ana'a da tumatir da yakuwa. Duba sabon ganye da safe shi ya riƙa fito da ni tsakar gida.

Wani ɗan'uwa, daga Gusau:
Na ji tun 1982 mutanen Japan ke abin da suke kira wankan daji, wato yawo cikin itatuwa don samun natsuwa. Mu a nan ka ce daji, gaban mutum ne ke faɗuwa. Gonarmu shekara uku ba mu taka ta ba, kuma ita ce silar ciwona. Tattabaru nake kiwo yanzu. Da la'asar in watsa musu gero in zauna ina kallonsu, ƙirjina yakan saki.

Wata ɗaliba, daga Maraɗi:
Yaya, don Allah kada ka ajiye maganinka. Ni da na ji sauƙi bayan wata biyu ina yawo cikin inuwar darbejiya, sai na daina sha ban faɗa wa likita ba. Kafin wata ya zagayo na koma gidan jiya, har ya fi na farko tsanani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Magani ina nan a kansa. Na kira ƙanina, gobe bayan Asuba zai zo mu taka zuwa gindin dutsen Kufena.