Harbi huɗu a rami ɗaya, na biyar ya bauɗe: ina matsalar take?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina harbin kan tebur da bindigar iska mai tulu, wato PCP, mai cin harsashin milimita 4.5, a nisan mita 25. Kafin wani ya tambaya, lasisina na hannu, na san dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da izinin 'yan sanda ake riƙewa, kuma a filin kulob kaɗai nake harbi.

Ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. In na yi harbi biyar, huɗu sai su shige rami ɗaya, faɗinsu bai wuce milimita 6 ba in an auna tsakiya zuwa tsakiya. Ɗaya kuwa sai ya ɓalle kamar akuyar da ta bar garke, ya je milimita 12 ko 15 ya huda takarda. Katin gasa ɗigo 25 ne, maki 250, kowane ɗigo harbi ɗaya, don haka ɓallewa biyu ko uku sun isa su lalata wa mutum kati.

Harsashina samfurin JSB Exact ne mai nauyin giren 8.44, wato rabin giram da ɗoriya, faɗin kansa milimita 4.52. Ina cika tulu zuwa bar 200 da famfon hannu, ragileta, wato na'urar da ke daidaita matsin iskar kowane harbi, na kan 110. Gaban bindigar yana kan mazaunin ƙarfe, bayanta a kan jakar yashi da wani tela ya ɗinka min a nan Agege. Wani a kulob ya ce bututun ne ya gaji, in yi odar sabo. Da yadda dala take yanzu, ba zan taɓa wannan ba sai na tabbatar. Me zan fara dubawa?

Tsohon Maharbi:

Wa alaikumus salam. Yaro, bar maganar bututu tukuna. Bututun bindigar iska dalma mai laushi kawai ke bi ta cikinsa, babu wuta babu zafi, ba ya gajiya haka nan. Tsatsa ce abokiyar gabarsa a garin nan, sai kuma rauni a bakinsa in ya bugi wani abu. Haska fitila ka duba, in lafiya ƙalau yake ka wuce wurin.

Abu biyu ba ka faɗa mana ba, kuma amsar tana cikinsu. Wane harbi ne yake bauɗewa, na farko, na uku ko na ƙarshe? Kuma ina yake zuwa, sama da ƙasa ko hagu da dama? Takarda tana magana in ka iya sauraronta. Sama da ƙasa yawanci gudun harsashi ne ya canza, ko jakar baya ta zauna, ko kafaɗarka ta danna fiye da ɗazu. Hagu da dama yawanci iskar waje ce, ko yatsa ya ja kunama ta gefe. Wanda yake fita ko'ina babu tsari, harsashi ne ko madubin saiti.

In ƙarancin iska a tulu ne, ba za ka ga ɗaya ya ɓalle sauran su dawo ba. Da zarar geji, wato ma'aunin matsin iskar tulu, ya sauka ƙasa da inda ragileta take, ramukan za su yi ta gangarowa ƙasa ne a jere. Amma akwai ragiletar da in bindiga ta daɗe a ajiye, iska takan ɗan taru a bayanta fiye da ƙa'ida, sai harbin farko ya fita daban. Maganinsa ka zubar da harbi biyu ko uku a ɗigon gwaji kafin ka shiga kati.

Ka ɗauki biro. Harbi goma-goma za ka riƙa yi, ka bar biyar ɗin nan, domin biyar tana yaudara: wani lokaci huɗun ne suka yi sa'a, na biyar ɗin shi ne gaskiyar bindigar. Kowane harbi ka rubuta lambarsa, inda ya faɗa da abin da geji ke nunawa. Abu ɗaya za ka canza a kowane kati. Wanda ya ɗaure sukuru, ya wanke bututu, ya canza gwangwanin harsashi duk a safiya ɗaya, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba.

Abu Ammar, Idi-Araba:

Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Ni harsashin nake zargi. Gwangwanin nan kafin ya iso Legas ya sha jifa a jirgi, ya sha a sito, ya sha a bayan mashin ɗin mai kawo saƙo. Juye shi a kan farin ƙyalle ka duba ɗaya bayan ɗaya. Za ka ga masu lanƙwasasshen siket, wato buɗaɗɗen gindin harsashi, wasu kansu ya ɗan lotsa. Ware su gefe don gwaji. Sannan 4.52 da aka rubuta a gindin gwangwani ba lallai ba ne kowane ɗaya ya zama haka, kuma wani bututun 4.51 yake so. Ni har sikelin masu gwal na saya, ina ware su bisa nauyi. In kana loda su ta magazin, cire shi ka riƙa sa ɗaya-ɗaya da hannu, domin magazin yakan karce kan harsashi wajen shiga.

Injiniya Obalende:

Malam Abu Ammar, duba siket da kai na yarda, cire magazin ma na yarda. Awon nauyi a mita 25 kuwa ɓata dare ne. Bambancin da za ka samu a gwangwani mai kyau bai kai ya jefa harsashi milimita 15 ba. Kafin harsashi ya sauka haka a wannan nisan, sai gudunsa ya ragu da kusan kashi goma cikin ɗari.

Ɗan'uwa Ɗan Agege, ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Kafa bindigar a kan mazauninta, saita giciyen madubi a tsakiyar ɗigo, ka janye hannunka gaba ɗaya. Sai ka ɗan motsa kanka sama da ƙasa, hagu da dama, kana leƙe. In giciyen yana yawo a kan ɗigon alhali bindiga ba ta motsa ba, madubinka bai daidaita da nisan ba. Kada ka amince da lambar 25 da ke jikin abin murɗawar gefen madubi, murɗa shi har sai giciyen ya tsaya cak. In ba haka ba, duk lokacin da kumatunka ya sauka wani wuri daban, harbin ma wani wuri zai je.

Jakar telan nan taka ma ina so in gan ta. In yashin bai cika ya danƙare ba, kowane harbi gindin bindiga yana ƙara nutsewa. Duba kuma ko ƙarfen maƙala igiya yana gogar jakar. Kuma tunda famfon hannu kake amfani da shi a wannan danshin namu, sa masa matatar ruwa, don ruwan da kake turawa cikin tulu yana cin ragileta a hankali.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri. Na je ranar Asabar da biro kamar yadda Baba ya ce. Giciyen yana yawo kuwa, Injiniya, sai da na murɗa ya wuce 25 kaɗan sannan ya tsaya. Daga nan masu fita ko'ina suka ragu sosai. A gwangwani na sami masu lanƙwasa da dama. Abin da ya rage yanzu duk hagu da dama ne, kuma na lura da sassafe babu su, sai wajen sha ɗaya suke farawa.

Tsohon Maharbi:

To ka zo wurin da kowa ke zuwa. Rana na ɗagawa iskar teku take tashi, kuma harsashin da bai wuce rabin giram da ɗoriya ba, iskar da da ƙyar take kaɗa maka riga ta isa ta ture shi santimita guda a mita 25. Ga kawalwalniya kuma, ƙasa na ɗaukar zafi za ka ga ɗigo yana rawa a madubi, kana saitin inda ba nan yake ba.

Nemi sanduna uku ka ɗaura musu siririn ƙyalle mara nauyi, tsawonsu daidai hanyar harsashi. Ɗaya kusa da tebur, ɗaya a tsakiya, ɗaya gab da takarda. Na kusa da kai ya fi muhimmanci, domin turin da aka yi wa harsashi tun farkon tafiya shi yake ta ƙaruwa har ya isa. Kada ka ce sai iska ta tsaya cik, ba za ta tsaya ba. Zaɓi yanayin da ya fi yawan dawowa, ka gwada shi a ɗigon gwaji, ka riƙa harbi sai ƙyallayen sun koma haka. In suka juya kana kan jan kunama, ɗaga yatsa. Asabar mai zuwa ka kawo katin sha ɗaya na rana, da tutoci da babu tutoci, mu gani.