Kwana a jirgin ruwa a Zanzibar: in biya ko in haƙura?

Baban Amira: Salamu alaikum 'yan uwa. Cikin watan Yuli za mu Zanzibar ni da maiɗakina, in Allah ya so. An yi mana tayin kwana cikin jirgin katako mai tafiya da iska, mu wayi gari kusa da tsibirin Mnemba, dala 160 mu biyu. Ita ba ta iya ruwa ba, ni kuma damuwata sallar asuba. Wanda ya taɓa yi ya ba ni shawara.

Ɗan Mabera: Ka samu biza tukuna? Mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, sai an amince tun daga can. Ga inshorar dole ta dala 44 da sunka sa tun Oktoba 2024.

Hajiyar Arkilla: Ɗana ka biya. Daga Nungwi munka tashi, inda ake sassaƙa jiragen. Da asuba aka kashe inji aka ɗaga ƙyallen, ba ka jin komai sai ruwa na dukan katako, matuƙan na dafa shayi mai citta. Su ma Musulmi ne, su za su nuna maka alƙibla, can arewa take. In jirgin na rawa ka yi sallarka a zaune. Dala 50 mutum ɗaya na biya.

Abu Sadik: Hajiya wane wata kika je? Yuli lokacin iskar kudu ne, kusi suke ce mata. Ni a lokacin na shiga. Tun tsakar dare jirgin ke jifa da mu, ɗiyata tana ta amai har ta daina magana. Na nemi rigar kariya, guda uku anka fito da su, mu goma sha wani abu. Na roƙi matuƙin ya koma gaɓa, ya ce sai gari ya waye. Wallahi asubar da ake yabo ban gan ta ba, kan yarinya na riƙe ina salati. Kuɗina kuwa ko sisi ba su maido ba, dala 90 mutum ɗaya.

Ɗan Mabera: 90? An yanke ka. A bakin ruwa da 30 ma ana daidaitawa.

Abu Sadik: Na 30 ɗin yawon yamma ne, ba kwana ba. Kai ka taɓa shiga ma?

Bakabe: Ku bar mu Kabawa mu yi maganar ruwa. Basakkwacen da gulbin Rima ke ba tsoro mi ya kai shi teku? 😂

Hajiyar Arkilla: A Janairu na je. Amma don mutum ɗaya ya sha wuya ba za a hana kowa ba.

Malama Nana: Maganar Abu Sadik ta taɓa ni. Mu nan gida wa ke sa rigar? Jirgin da ya kife da 'yan kasuwar Goronyo a 2025, da yaran da sunka nutse a Shagari a 2022, duk abu guda ne: lodi ya wuce kima, ba riga ko ɗaya. Ƙanwar mahaifiyata kowane mako sai ta ƙetare haka da buhun albasa.

Bakabe: Allah ya jiƙansu. An raba riguna wasu wurare, amma masu jirgi ajiye su suke a gida.

Baban Amira: Amin. To ni dai in ɗage zuwa Janairu ne?

Malama Nana: Bakabe, wa ya gaya maka an raba? A mashigar garinmu ko ɗaya ba ta iso ba.