Motata ce ke zuƙar mai, ko kuɗin ne ya daina auki?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina da Corolla ƙirar 2006, Beljiyam na saye ta. Da ita nake zuwa aiki daga Na'ibawa zuwa Bompai, in sauke yara makaranta a hanya. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man dubu biyar kan yi min mako guda har da ragowa. Yanzu in na sha na dubu ashirin ranar Litinin, da ƙyar yake ganin Juma'a. Bakanikena ya ce sai an canja nozul da filogi, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Yaya zan gane ko motar ce ta lalace kafin in zuba kuɗi?

Direban Kano-Kaduna: Wa'alaikumus salam. Malam, ka daina auna mota da naira, mota lita take sha. Lokacin da lita take wajen naira 190, dubu biyar ɗinka lita 26 take ba ka. Yau in mun ƙaddara lita naira 900 ce, dubu ashirin lita 22 ce kacal. Ka ga kuɗin ya ninka sau huɗu, man kuma ya ragu da lita huɗu. Kila motarka ba ta yi laifin komai ba.

Ga yadda muke yi a tasha. Ka je gidan mai, a cika maka tanki har kan famfon ya katse da kansa. Yana katsewa ka ce ya isa, kada ka bari yaron ya ci gaba da ɗurawa kaɗan-kaɗan don kuɗi ya cika cif. Ka mayar da ƙaramar mitar tafiya sifili, ko ka rubuta lambar babbar mitar a takarda. Sai ka ci gaba da harkokinka kamar kullum. In allura ta kusa kwata, ka koma gidan man nan, famfon nan, a sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce ka ƙona. Sai ka raba kilomita da lita. A ce ka yi kilomita 380, lita 40 ta shiga, to motarka tana yin kilomita 9.5 a lita ɗaya. Ka raba 900 da 9.5, kowace kilomita tana cin maka kusan naira 95. In kana yin kilomita 30 a rana, naira 2,850 ke nan, a kwana 22 na aiki 62,700. Da wannan lissafin za ka zauna da albashinka.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai, Alhaji. To ba zan iya duba allurar geji kawai ba? Cika tanki a wannan marra sai an shirya.

Direban Kano-Kaduna: Allura maƙaryaciya ce. Daga cike zuwa rabi tana sauka a hankali, daga rabi zuwa ƙasa sai ta rufta. Tankin motarka lita 50 ne. Ka daure ka cika ranar albashi, ai man ba zubewa zai yi ba, kai za ka sha abinka.

Injiniya Funtuwa: Akwai abu ɗaya da Alhaji bai faɗa ba, kuma shi ke ruɗa mutane. Yawancin waɗannan Corolla da Camry daga Amurka aka kawo su, mitarsu da mil take ƙirga, ba kilomita ba. Ka duba fuskar mitar gudu: in manyan lambobin MPH ne, to mil ne. Sai ka ninka da 1.6. Wanda bai sani ba zai ga 238 a mita, ya raba da lita 40, ya samu ƙasa da 6, hankalinsa ya tashi ya ce mota ta mutu, alhali tafiyar kilomita 380 ya yi.

In ka auna sau biyu ko uku ka ga lallai tana sha fiye da kima, kada ka fara da nozul. Fara da masu araha: iskar taya, matatar iska (ƙurar hunturu tana toshe ta cikin ɗan lokaci), sai filogi. Bayan nan ka tambayi bakanike tambaya ɗaya: an cire tamostat (na'urar da ke daidaita zafin injin) an haɗa fanka kai tsaye? Wannan al'ada ta masu gyaranmu tana ba ni haushi. Wai don kada mota ta yi zafi, sai su bar injin yana aiki a sanyaye, kwamfutar motar kuma ta yi ta ƙara masa mai tana jiran ya ɗumama. In fitilar injin tana kunne a gabanka, a sa na'ura a duba, sau da yawa sensar iskar salansa ce ta mutu.

Maman Ummi: Ni dai tawa in na kashe esi ina ganin bambanci sosai. Amma fisabilillahi wa zai kashe esi a Kano a watan Afrilu?

Injiniya Funtuwa: Hajiya, gaskiyarki, a cunkoso esi yana ƙara sha. A babbar hanya kuwa in kina gudu gilashi a sauke, iskar da ke shigowa ita ma tana riƙe motar, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi esi cin mai shi ne barin mota a kunne a ƙofar makaranta ana jiran yara, da taka totur da ƙarfi daga wannan danja zuwa waccan.

Abu Hanifa Zariya: Ku kuna ta zargin mota, ni famfo nake zargi. Wani gidan man in ka biya lita goma, ba goma ce ke shiga ba. In mitarsu ta nuna 40 alhali 37 ta shiga, lissafin zai ɗora wa motar laifin da ba nata ba. Ka gwada a gidajen mai biyu daban. In ka tabbatar ana tauye mudu, hukumar NMDPRA mai kula da harkar mai ce ke da alhakin duba famfunan. Man 'yan bumburutu kuwa kada ka sa shi a lissafi ko kaɗan, galan ɗinsu ba ya cika lita huɗu.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri. Yanzu na fita na leƙa, MPH ne a rubuce ɓaro-ɓaro, kuma fankar tana tashi tun daga murɗa makulli. Injiniya, in za a mayar da tamostat ɗin, sabo zan nema ko na Beljiyam a Ƙofar Ruwa zai yi?