"Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta": neman asali ma tone-tone ne?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Jiya wajen sadakar arba'in na tambayi kawuna inda zan samo takardar haihuwar kakanmu. Sai ya taso mini gaban jama'a, wai garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Yau ko gaisuwata bai amsa ba. Laifina mene ne?

Mai Goro: Wace takarda kuma? A nan Ghana, Turawa mutuwa suka fara rubutawa a 1888, haihuwa sai 1912, ita ma ba ko'ina ba. Sai 1965 doka ta game ƙasa. Wanda ya biyo ayarin Gwanja da jakuna wa zai rubuta shi? In dai ya yi soja ko ya taɓa shiga kotu, gwada PRAAD, ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati. Matambayi ba ya ɓata.

Malam na Asawase: Ɗana, kawunka ba takarda yake tsoro ba. Salaga ta ƙasar Gwanja a da kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma. Ba duk wanda ya fito can bayan yaƙin basasar garin na 1892 ne farke ba. Wuƙar ke nan.

Mai Goro: Malam, ai wannan karin na mai tsokanar faɗa ne, ba na mai tambayar kakansa ba.

Hajiya 'yar Nima: Ku tsaya ku ji tawa. Kakata, Allah ya jiƙan ta, in ka tambaye ta shekarunta sai ta ce an kai ta ɗaki shekarar da ƙasa ta girgiza a Ankara, wato Accra. Da muka bincika, 1939 ce. Haihuwarta kuwa mahaifinta ya rubuta da ajami a bangon Alƙur'aninsa: suna, rana, wata, 'ya'ya tara a jere. Da firaminista Busia ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar a 1969, yayanta ya naɗe Alƙur'anin cikin gafaka ya hau motar kaya zuwa Najeriya. Ita ta ƙi tafiya, ta ce a nan aka binne cibiyarta. Daga ranar ta hana a ambaci Kano a gidan. Ko tuwo aka yaba sai ta ce na unguwarmu Nima ne! Sai tana gab da rasuwa ta kira ni, ta lissafo sunaye taran nan ba gargada, ta ce in rubuta.

Ɗan Aboabo: Allahu Akbar. Hajiya, Alƙur'anin fa?

Hajiya 'yar Nima: An ce yana Sabon Garin Zariya, an ce gara ta ci. Ban je ba.

Baban Tasha: Da ma ku jira zaɓe. Lokacin kowane honarabul kakarsa 'yar zango ce, ga shinkafa ga sukarin azumi. Ana rantsar da shi sai ya ce mu kawo shaidar kakanninmu.

Mai Goro: Akwai wanda takardarsa ta nuna ƙaninsa ya girme shi, ban faɗi suna ba.

Malam na Asawase: Ku bar siyasa. Hajiya, labarinki ai ya gaskata kawun.

Hajiya 'yar Nima: A'a Malam, da ban tona ba da sunayen sun bi ta kabari.

Baban Tasha: Ni dai tambayata, kazar an soya ta ko miya aka yi?