Charles de Foucauld a Tamanrasat: bawan Allah ne ko idon Faransa?

Malam Habu: Jama'a, tun da Fafaroma Francis ya sanya Charles de Foucauld cikin waliyyan cocin Katolika a watan Mayun 2022 nake son mu tattauna batunsa. A ganina mutumin nan idon sojojin Faransa ne a ƙasar Abzinawa. Hafsan soja ne kafin ya zama fada, wato limamin cocin Katolika, kuma daga 1883 zuwa 1884 ya ratsa Maroko cikin shigar malamin Yahudawa, yana auna hanyoyi da duwatsu a ɓoye. Wanda ya share masa hanyar Ahaggar kuwa, wato yankin duwatsun Abzinawa a kudancin Aljeriya, abokinsa ne na soja, Laperrine, kuma Foucauld ya zauna a Tamanrasat da ke yankin a 1905, shekara uku kacal bayan Faransawa sun karya mayaƙan yankin a yaƙin Tit.

Malama Rifkatu: Malam, a yi masa adalci. Tafiyar Maroko ta gabaci tubarsa, domin sai a 1886 ya koma ga addini, sannan aka naɗa shi fada a 1901. Da ya sauka Beni Abbas a kudancin Aljeriya, ya tarar hukumar Faransa ta kawar da kai daga bautar da mutane don kada ta ɓata wa manyan gari rai, sai ya dinga rubuta wa shugabannin cocinsa ƙorafi mai zafi, har ya fanshi wasu bayi. Ɗan leƙen asiri ba ya tona asirin iyayen gidansa haka. Ku dubi kuma abin da ya ƙarar da shekara goma sha ɗaya yana yi a Tamanrasat: ƙamus na Tamashek (harshen Abzinawa) da Faransanci wanda aka buga cikin littafi huɗu bayan rasuwarsa, da dubban baitocin waƙoƙin Abzinawa da ya rubuta daga bakin masu su. A farkon 1908, ana tsakiyar fari, ya kwanta ciwo har ya fid da rai, kuma Abzinawan nan Musulmi ne suka bi rugage suna neman nonon akuya suka ba shi har ya tashi. Mutane ba sa yi wa wanda suke ƙi haka.

Malam Habu: Malama, sanin harshen mutane ai makami ne a hannun mai mulki. Wa ya fi cin moriyar ƙamus ɗin a wancan zamani?

Alhaji Ilu: Ku gafarce ni in sa baki, domin mu mutanen Agadas wannan tarihi ya shafe mu. Malama ta yi gaskiya game da tsantseninsa, kuma ko Ba'abzine ɗaya bai shiga Kiristanci ta hannunsa ba, ya kuma zauna lafiya da sarkinsu Musa ag Amastan. Amma wasiƙunsa ga Laperrine a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da labarin motsin mayaƙan ɗariƙar Sanusiyya masu yaƙi da Turawa, kuma ganuwar da ya gina a Tamanrasat akwai bindigogin Faransa a cikinta. A ƙofar ganuwar nan mahara suka ɗaure shi ranar 1 ga Disamba, 1916, wani saurayi da aka bari yana tsaronsa ya firgita da ganin sojojin raƙuma biyu na Faransa sun doso, ya harbe shi. Cikin watan nan ne Kawusan, jagoran boren Abzinawa, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, kuma kisan da Faransawa suka yi wa malamanmu bayan sun karɓe garin a 1917 har yau ana ba da labarinsa. Foucauld ya ƙaunaci Abzinawa da gaske, sai dai ya yi imani cewa alherinsu yana ƙarƙashin tutar Faransa, bai taɓa ganin saɓani tsakanin biyun ba. Wannan ne laifin da nake ɗora masa.

Malama Rifkatu: Baba Alhaji, na karɓi wannan, domin shi kansa bai ɓoye goyon bayansa ga mulkin Faransa ba. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce rigar fadancinsa ɓad-da-kama ce. Ganuwar ma ya gina ta ne don mutanen ƙauyen su fake idan mahara suka zo.

Malam Habu: To, sai a gaya mini dalilin ajiye bindigogin a gidan mai wa'azi.