Abin da muka tsayar kan horar da yara ƙwallo ta hanyar wasa

Jama'a, na tattaro abin da aka faɗa a tattaunawarmu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa jera yara a layi suna jiran ƙwallo ɗaya ɓata lokaci ne. A raba su uku-uku ko huɗu-huɗu a ƙaramin fili, kowa ya riƙa taɓa ƙwallo.

2. Koci ya rage ihu daga gefe. Yaron da ake ta ce wa “buga!”, “ba shi!” ba zai koyi yanke shawara da kansa ba. A bari a tsaya hutu, sannan a tambaye shi me ya gani. Wannan ya fi taɓa ni, domin yara da yawa tsoron tsawa ne ke korar su daga fili.

3. An kawo misalin Jamus, inda daga kakar 2024/25 ƙananan yara ke buga biyu-biyu ko uku-uku da ƙananan raga huɗu.

4. Kada a ɗaure yaro a wuri ɗaya. Yau gola, gobe gaba.

Inda aka rabu: wasu sun ce yaranmu sun riga sun ƙoshi da wasan unguwa, tsari da ladabi suke buƙata a wurin koci. Wasu suka ce a bar su su kafa dokokinsu, koci ya sa ido kawai. Batun kofi ma bai daidaita ba, musamman ga masu fama da iyayen da nasara kaɗai suke tambaya.